Tambaya da Amsa: Rut ya cika maƙil, ta ina zan faɗaɗa shi?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi, masu Linux ne da rut ɗinsu ya cika, wato fatishan (yankin diski) ɗin nan da ake rubutawa da alamar / wanda tsarin gaba ɗaya yake zaune a kansa. Na zaɓo guda shida, wasu na ɗan rage musu tsayi.

Tambaya: Slm malam, dan Allah a taimaka min. Ina da laftof mai Windows da Ubuntu tare, lokacin da abokina ya saka min Ubuntu giga 20 kawai ya yanka masa ya ce ai Linux ba ya cin wuri, to yanzu wata takwas kenan, jiya na kunna na sa faswod sai allon ya yi baƙi ya dawo da ni wajen faswod ɗin, na sake ya sake dawo da ni, wlh ya fi sau goma, kuma dama kafin nan yana ta nuna min wuri ya kusa ƙarewa ina rufe saƙon. A ɓangaren Windows kuwa akwai sama da giga 200 da ba komai a ciki. Ya zan yi in ɗebo daga can in ƙara wa Ubuntu ba tare da na rasa aikin makarantata ba? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, aikinka yana nan, faswod ɗinka ma daidai ne. Abin da ke faruwa shi ne duk lokacin da za ka shiga, sai tsarin ya rubuta wasu 'yan ƙananan fayiloli a foldarka da kuma /tmp, to idan babu ko tsinken wuri sai rubutun ya gagara, shi kuma ya maido ka bakin ƙofa.

Kafin maganar yanka diski, fara samun numfashi tukuna. A wajen faswod ɗin danna Ctrl da Alt da F3 tare, baƙin allo zai fito mai rubutu zalla, sa sunanka da faswod za ka shiga. Buga df -h ka duba layin da ya ƙare da /, za ka ga 100%. Sai ka bi da waɗannan: sudo apt clean zai share kwafin manhajojin da aka sauko aka riga aka saka, suna jibge a /var/cache/apt/archives ba sa amfanin komai. sudo journalctl --vacuum-size=200M zai rage tarin log, wato bayanan da tsarin yake rubutawa kan abin da ke faruwa a cikinsa, wanda idan aka bar shi yana iya cin kashi 10 cikin ɗari na fatishan, iyakarsa giga 4. Sai sudo apt autoremove --purge ya kwashe tsofaffin kanel, wato tsofaffin zubin zuciyar tsarin Linux. Da waɗannan kaɗai sau da yawa ana samun giga ɗaya ko biyu, kuma sun isa ka shiga. Idan kana son ganin ainihin wanda ya cinye wurin, buga sudo du -xh --max-depth=1 / | sort -h, babban zai fito a ƙasa, sai ka bi shi ciki da wannan umarnin har ka kama shi. A Ubuntu ka leƙa snap list --all ma, domin snap yana ajiye tsohon zubin kowace manhaja, za ka gan su an rubuta disabled a gefe.

Abu ɗaya nake roƙonka: kar ka shiga /usr ko /lib ko /boot da rm kana share abin da ba ka san shi ba don kawai ka ga yana da girma. Na sha ganin wanda matsalarsa ta cikar wuri ce kawai, amma garin gyaran gira ya rasa ido.

To yanzu faɗaɗawar. Giga 20 ya yi kaɗan ga Ubuntu na yanzu, wannan gaskiya ne, ko ka share yau zai sake cika. Ka ɗauki diski kamar dogon fili ne da aka yayyanka da katanga, ɗaya na bin ɗaya. A irin naka yawanci jerin shi ne ƙaramin fatishan na EFI a farko, sai wani ƙanƙani na Microsoft, sai C: na Windows, sannan Ubuntu. Idan ka rage C:, wurin da zai fito zai kasance ne tsakanin C: da Ubuntu, wato ta hagun rut ɗinka, kuma a nan wahalar take. Ƙara fatishan ta dama aikin daƙiƙoƙi ne, katangar ƙarshe kawai ake matsarwa. Ta hagu kuwa sai an ɗauke duk abin da ke ciki an matsar da shi baya, tubali bayan tubali, domin tsarin fayil yana lissafin komai ne daga farkon fatishan. Idan wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ana tsakiyar wannan jigilar, rabin kayanka yana tsohon wuri rabi yana sabo, kuma haɗa su abu ne mai wuyar gaske.

Saboda haka kwafe aikinka zuwa wani diski na waje ko filashi kafin komai, kuma ka buɗe kwafin ka tabbata yana buɗuwa. Sannan shiga Windows, ka rage C: daga cikin Windows ɗin da kansa, da Disk Management, shi ya fi sanin NTFS, tsarin fayil ɗinsa. Idan BitLocker, mai kulle diskin Windows da sirri, a kunne yake ka dakatar da shi kuma ka tabbata kana da makullin ceto a rubuce a takarda. Ka kashe Fast Startup, domin da shi Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya, barci yake yi ya bar fatishan ɗinsa a kulle. Wataƙila ka ga ya ƙi ba ka duk giga 200 ɗin, akwai fayilolin da ba ya iya matsarwa, karɓi abin da ya bayar, giga 60 ko 80 sun wadatar.

Daga nan sai ka tayar da kwamfutar daga filashin Ubuntu, ka zaɓi gwadawa ba sakawa ba, ka buɗe GParted, manhajar gyara fatishan. Dole sai daga filashi, domin ba a matsar da fatishan ana zaune a kansa. Idan ka ga hoton makulli a gefen wani fatishan to yana ɗaure, wato tsarin yana amfani da shi, sai ka kwance shi. Danna dama a kan na Ubuntu, zaɓi Resize/Move, ja gefen hagu har ya cinye wurin da ba kowa. Zai gargaɗe ka cewa matsarwar na iya hana kwamfuta tashi. A injin UEFI na zamani yawanci lafiya take tashi saboda GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, yana neman rut ne da lambar shaidarsa ta UUID, ita kuma ba ta canzawa da matsarwa, amma ka ajiye filashin kusa. Jona caja, danna alamar amincewa, ka bar ta. Ko ka ga kamar ta tsaya kar ka taɓa.

Amma da ni ne kai, ga abin da zan yi. Zan bar rut inda yake, in mai da sabon wurin fatishan na ext4 mai zaman kansa, in kwashe /home, inda fayilolinka suke, zuwa can da rsync -aHAX, in rubuta UUID ɗinsa a /etc/fstab, fayil ɗin da ke gaya wa tsarin abin da zai ɗaura lokacin tashi, bayan na tabbatar komai ya hau sai in share tsohon kwafin. Babu jigilar rut, babu fargaba, kuma ranar da za ka sake saka Ubuntu fayilolinka suna gefe ba abin da zai taɓa su. Sharaɗin kawai shi ne du ya nuna maka cewa /home ne mai cin wurin. Idan manhajoji ne suka cika shi, to babu makawa sai GParted.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina kula da wata ƙaramar saba ta haya a intanet, diskinta giga 20 ne ya cika, na shiga shafin kamfanin na ƙara shi zuwa 50, sun nuna min an gama, amma df -h har yanzu 20 yake nunawa kuma shafinmu a kwance yake. Sun cuce ni ne ko kuwa? Daga wani mai kula da saba.

Amsa: Ɗan'uwa ba wanda ya cuce ka, giga 30 ɗinka suna nan, ba ka dai kai gare su ba ne. Wannan tambayar ita ce zuciyar maganar yau gaba ɗaya, don haka bari in ɗan zauna a kanta.

Abu uku ne a jere kuma kowanne ba ya sanin an canza na ƙasansa sai an gaya masa. Akwai diski, shi ne filin. Akwai fatishan, shi ne katangar da aka zagaye wani yanki na filin da ita. Sannan akwai tsarin fayil, ext4 ko XFS ko Btrfs, shi ne ginin da ke cikin katangar. Kamfanin ya ƙara maka fili ne kawai. Katanga tana inda take, gini yana inda yake, shi kuwa df ginin yake aunawa. Buga lsblk za ka gani da idonka: vda zai nuna 50G, a ƙarƙashinsa vda1 yana nan a 20G.

Matsar da katangar da sudo growpart /dev/vda 1. Lura da kyau, akwai tazara tsakanin vda da 1, ba haɗe suke ba, a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Idan diskin NVMe ne sai ya zama growpart /dev/nvme0n1 1. Idan babu umarnin, a Debian da Ubuntu yana cikin cloud-guest-utils, a dangin Red Hat kuma cloud-utils-growpart. Daga nan buga df -hT ka ga irin ginin. Idan ext4 ne, sudo resize2fs /dev/vda1. Idan XFS ne, sudo xfs_growfs / domin shi wurin ɗaurin ake ba shi. Idan Btrfs ne, wanda Fedora ta mayar na dindindin a kwamfutar tebur tun Fedora 33 a 2020, sai sudo btrfs filesystem resize max /. Duk ukun suna faɗaɗa ana cikin aiki, ba sai ka kashe sabar ba, kuma yawanci kafin ka ɗauke hannu daga madannai an gama.

Akwai wani tarko da nake kyautata zaton za ka faɗa, tunda ka ce ya cika ƙwarai. growpart yana buƙatar buɗe 'yar folda a /tmp kafin ya fara, to idan rut ba wuri sai ya tsaya ya ce No space left on device, wato kayan gyaran ma ya rasa inda zai tsuguna. Maganinsa ka ara masa wuri daga RAM: sudo mount -t tmpfs -o size=10M tmpfs /tmp, ka gudanar da growpart, in ka gama ka kwance da sudo umount /tmp.

Idan kuma lsblk ɗin ma 20G yake nuna wa diskin kansa, to kanel bai ji labari ba tukuna. A diski irin sda ana farkar da shi da echo 1 | sudo tee /sys/class/block/sda/device/rescan, ko kawai ka sake kunna sabar. Sau da yawa ma sake kunnawar kaɗai tana gama aikin, domin sabobin haya da yawa suna zuwa da cloud-init wanda yake yin growpart da kansa a lokacin tashi.

Masu VirtualBox da QEMU a gida, labarinku ɗaya ne, sai dai ku ne kamfanin. A kashe injin, a buga VBoxManage modifymedium disk sunan.vdi --resize 51200, adadin da mega ake ba shi, 51200 shi ne giga 50, ko qemu-img resize sunan.qcow2 +30G. Sannan a shiga ciki a bi katanga da gini kamar yadda na faɗa. Kuma wanda diskinsa tsohon tsarin MBR ne ya sani ba zai wuce tera 2 ba a diski mai sekta 512, sai an koma GPT. Shi GPT yana ajiye kwafin teburinsa a can ƙarshen diski, shi ya sa bayan ƙara girma parted yake tambaya Fix ko Ignore, amsar Fix ce, kwafin zai mayar sabon ƙarshen.

Tambaya: Na saka Ubuntu Server a inji mai diski giga 250, ban canza komai ba wajen sakawa, amma rut kusan giga 100 kawai nake gani kuma ya kusa cika. Ina sauran suka shiga? Daga wani mai karatu.

Amsa: Kai kam ka yi sa'a, naka ya fi na kowa sauƙi. Mai saka Ubuntu Server yana amfani da LVM, kuma da gangan ba ya miƙa wa rut duk wurin, yana ajiye saura a rumbu. LVM wani hawa ne tsakanin katanga da gini: yana tara wuri a tafki ɗaya sannan ya ɗiba wa kowa gwargwadon buƙata, ba ruwansa da wane ne a hagu wane ne a dama. Buga sudo vgs ka duba ƙarƙashin VFree, za ka ga sauran gigoginka a zaune. Sai sudo lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv. Wannan -r ɗin shi ne zai faɗaɗa tsarin fayil ɗin a tare, kar ka manta da shi, haka ma alamar + ɗin.

Shawarata dai kar ka juye duka. Ba shi giga 50 da -L +50G ka bar saura, domin ƙarawa gobe umarni ɗaya ne, ragewa kuwa sai an kashe inji an tashi daga filashi. Ranar da VFree ya zama sifili kuma aka ƙara diskin daga waje, jerin zai zama growpart, sai pvresize a kan fatishan ɗin, sannan lvextend.

Tambaya: Gsky malam abin nan ya ɗaure min kai. Na sami wani fayil ɗin log mai giga 8 na goge shi da rm, na duba ya tafi, amma df bai motsa ba ko kaɗan. Sannan a wata sabar daban df yana nuna 61% kawai amma ko fayil ɗaya na yi ƙoƙarin buɗewa sai ta ce ba wuri. In faɗaɗa su ne? Daga wani ma'aikacin kwamfuta.

Amsa: Tsaya tukuna malam, duka biyun ba ƙarancin fili ba ne, kar ka taɓa fatishan.

Ta farko: a Linux rm suna kawai yake cirewa. Muddin akwai manhajar da take riƙe da fayil ɗin a buɗe, kayan cikinsa suna nan a diski, kuma tana ci gaba da zuba rubutu a ciki, ba ka dai ganinsa ne. Buga sudo lsof +L1, zai jero fayilolin da aka goge amma ake riƙe da su, da sunan mai riƙon da girman kowanne. Sake kunna wannan manhajar da systemctl restart, nan take giga 8 ɗin za su dawo. Gaba kuma idan log ya kumbura kar ka goge shi, zazzage shi za ka yi da sudo truncate -s 0 sai sunan fayil ɗin. Kuma dan Allah kafin ka zazzage ka karanta layukan ƙarshe da tail, log ba ya kai giga 8 haka kawai, akwai abin da yake ta ihu a ciki, idan ba ka gyara shi ba ko tera ka ba shi zai cinye.

Ta biyu kuma buga df -i. Ina da yaƙinin za ka ga 100% a can. ext4 yana ƙayyade adadin inod, wato gurbin rajistar fayil, tun ranar da aka tsara shi, kowane fayil komai ƙanƙantarsa sai ya ci guda ɗaya, to idan wata manhaja ta haifi miliyoyin ƙananan fayiloli, irin na zaman masu shiga shafi ko saƙonnin da suka maƙale a layi, sai inod su ƙare alhali wuri yana nan. Nemo gidansu da sudo du --inodes -x --max-depth=2 /var | sort -n ka share, ka kuma toshe inda suke fitowa.

Tunda muna nan bari in ƙara wani abu da yake rikita mutane. ext4 yana keɓe kashi 5 cikin ɗari wa babban mai iko, wato asusun root, shi ya sa in ka haɗa wanda aka ci da wanda ya rage a df ba sa kai jimillar. A fatishan giga 20 giga ɗaya kenan. Ana iya rage shi da tune2fs -m, amma a kan rut ni ba na so, wannan ajiyar ce take barin tsarin ya tashi har ka samu ka shiga ka yi gyara ranar da komai ya cika.

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina koyon Debian a VirtualBox, na ƙara diskin amma sai na ga suwaf ya tsaya tsakanin rut da sabon wurin, sda1 ne rut, sai sda2, sai sda5 suwaf. Na goge sda5 da sda2 na faɗaɗa sda1 kuma alhamdulillah ya yi, to amma tun daga nan duk tashi sai ta tsaya tana ƙirga minti ɗaya da rabi kafin ta wuce. Me na ɓata? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, ba ki ɓata komai ba, hasali ma kin yi abin da ya dace, saura sharar ƙarshe. Wannan jerin na sda1 da sda2 da sda5 haka Debian take yankawa a diskin MBR. MBR manyan fatishan huɗu kawai yake ɗauka, shi ya sa aka ƙirƙiro na faɗaɗawa, sda2 kenan, wanda akwati ne kawai, na cikinsa kuma lambarsu daga 5 take farawa.

Kin cire suwaf, wurin diskin da tsarin yake ara idan RAM ta cika, amma ba ki gaya wa tsarin ba, shi ne yake tsayawa jiran wanda ba zai zo ba, kuma systemd daƙiƙa 90 yake jira kafin ya haƙura. Buɗe /etc/fstab da sudo nano, nemo layin da ke da kalmar swap, ki goge shi ko ki sa # a gabansa. Akwai wuri na biyu da ake mantawa: /etc/initramfs-tools/conf.d/resume, tsohuwar UUID ɗin tana can ma. Mayar da layin RESUME=none, sai ki buga sudo update-initramfs -u. Suwaf kuma ba sai kin sake yanka masa fatishan ba, fayil ya isa, Ubuntu ma haka take yi tun 17.04. A ext4: sudo fallocate -l 2G /swapfile, sai sudo chmod 600 /swapfile, sai sudo mkswap /swapfile, sai sudo swapon /swapfile, sannan ki ƙara layin /swapfile none swap sw 0 0 a fstab. Gobe in za ki sake faɗaɗawa ba abin da zai tare miki hanya.

Ba ki faɗi da me kika faɗaɗa sda1 ba, amma idan da fdisk ne, ta hanyar goge fatishan a sake ƙirƙirarsa da girma, ina so ke da sauran masu karatu ku ji wannan. Hanyar tana aiki, domin fdisk tebur kawai yake taɓawa, ba ya taɓa kayan ciki, kuma ba ya rubuta komai sai an danna w. Amma dole sabon ya fara a daidai sektar da tsohon ya fara, kuma in ya tambaya ko ya cire sa-hannun ext4 amsar N ce. Shekarun baya na yi wannan aikin a wata tsohuwar kwamfuta da dare, fatishan ɗinta a sekta 63 ya fara kamar yadda ake yi a da, fdisk ya miƙo min 2048 na danna Enter ban duba ba. Da na sake kunnawa ta ƙi tashi, na shiga da filashi na ga fatishan ɗin kamar ba a taɓa rubuta komai a kansa ba, kuma akwai aikin mutane na shekaru a ciki. Gabana ya faɗi sosai. Abin da ya cece ni shi ne kafin in fara na buga sfdisk -d /dev/sda na ajiye sakamakon a filashi. Na mayar da teburin da shi, komai ya dawo yadda yake, domin ban yi gangancin fomatin ba. Tun ranar ba na buɗe fdisk sai na yi wannan ajiyar, kuma a wani wuri dabam ba a kan diskin da zan taɓa ba. Wanda ya riga ya faɗa ramin babu ajiya, kar ya rubuta komai a diskin, ya nemi TestDisk, yana iya lalubo tsohuwar iyakar.

Tambaya: Malam a sabarmu ta Rocky Linux rut giga 70 ne ya cika, /home kuma yana da giga 800 kusan fanko. Duka a LVM suke. Na ga ana cewa lvreduce zai rage /home in ba rut, in yi? Daga wani mai kula da saba.

Amsa: A'a, kar ka yi, na roƙe ka. Dangin Red Hat, wanda Rocky yake ciki, tun RHEL 7 a 2014 XFS suke sakawa, kuma XFS ana faɗaɗa shi amma ba a rage shi. Idan ka tilasta lvreduce ya wuce, zai datse wurin ne a ƙarƙashin ginin alhali ginin bai sani ba, /home zai lalace. Tabbatar da df -hT tukuna. Da ext4 ne da akwai hanya, a kwance shi, a yi e2fsck -f, sannan lvreduce -r ya rage gini da wuri tare.

A XFS hanyar ita ce rushewa a sake gini, kuma tunda kusan fanko ne ba wani aiki ba ne mai yawa. Ka sanar da masu amfani da sabar, ka shiga kai tsaye a matsayin babban mai iko domin kar kai kanka ka zama mai riƙe da /home. Kwashe abin da ke ciki zuwa wani diski na waje da rsync -aHAX ko xfsdump, ba cikin rut ba tunda shi ne mara wurin, ka duba kwafin da kyau. Sai umount /home, in ya ce ana amfani da shi fuser -vm /home zai nuna maka waye. Duba ainihin sunaye da lvs, a Rocky sunan tafkin LVM yawanci rl ne. Sai lvremove /dev/rl/home, sai lvextend -r -L +200G /dev/rl/root, sai lvcreate -L 300G -n home rl, sai mkfs.xfs /dev/rl/home. Ragowar giga 300 ɗin bar su a tafki, za ka neme su wata rana.

Kafin ka ɗaura, leƙa /etc/fstab. Idan layin /home da /dev/mapper/rl-home aka rubuta shi ba abin da za ka canza, idan kuma da UUID ne to mkfs ya ba shi sabuwa, ɗauko ta da blkid ka musanya. Buga systemctl daemon-reload, sai mount -a, ka tabbata bai yi ƙorafi ba tun kafin ka sake kunna sabar, domin layi ɗaya mara kyau a fstab yana iya jefa ta yanayin gaggawa inda SSH, hanyar shiga saba daga nesa, ba ya aiki. Maido da kayan, sannan ka rufe da restorecon -R /home saboda SELinux, tsarin tsaron da ke cikinta, in ba haka ba masu shiga da makullin SSH za su iya tarar da ƙofa a rufe alhali fayilolinsu suna nan daram.